Ƙyauren Akurki da Murfin Jirgi

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta.

Daga Malam Haliru, a gidanmu na kusa da Ƙofar Kware, Sakkwato, zuwa ga Magaji, mai sunan mahaifina, a duk inda takardar nan ta riske shi, ko Argungu ko ƙasa da nan. Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da abokan tafiyarka, da jirgi, da fatun mutane da ke cikinsa. Allah Ya tsare ku daga sharrin ruwa da abin da ke cikin ruwa. Mu nan lafiya lau muke, sai dai rashin da aka yi mana.

Bayan haka, ina sanar da kai cikin juyayi cewa ƙyauren akurkin kajin mahaifiyarka ya riga mu gidan gaskiya. Ya cika ranar Talata da hantsi, ba tare da wata doguwar jinya ba. Ba a yi iska ba, akuya ba ta tunkuɗe shi ba. Jan zakaran nan ne ya hau kansa zai yi cara, sai marigayi ya sunkuya, ya yi sallama da ƙusoshinsa, ya kwanta. Ya bar kaji da 'yan tsaki masu yawa, waɗanda suka watsu gidajen maƙwabta tun kafin a gama salati. Ƙanwarka Dije ce ta ɗauke shi daga hanya, ni kuma na zauna karɓar gaisuwa.

Za ka yi mamakin uban da zai roƙi Jaɓɓi dillalin fata ya ɗauki takarda a kan doki, ya bi ka da ita har Kabi, don ƙyauren kaji. To, ga dalili. Ka tuna ranar da nake gyaran murfin rumbun jirgi, wato ɗakin katakon nan na baya inda kuka jibge fatu. Katakon da murfin yake rataye a jikinsa ya yi tsawo, na yanke bakinsa da zarto. Wannan guntun shi na kawo gida na kafa a bakin akurki, na rataya ƙyaure a jikinsa da hinjin ƙarfe, maratayin murfi, da ya yi saura. Itace ɗaya ne, ƙusa iri ɗaya, hannun da ya buga ma ɗaya ne. Da na ɗaga ƙyauren, sai na ga ƙusoshin sun fito da naman itacen a jikinsu, yana zuba kamar dusa.

Mahaifiyarka tana tsaye a kaina. Ta ce, "Malam, wanga icce ba daga jirgi kac ciro shi ba?"

Na ce daga nan ne, amma kowane itace yana da baki yana da tsakiya, kuma ba lalle hukuncin baki ya hau kan tsakiya ba.

Ta ce, "Zakara ɗai ya hau shi."

Na ce zakaran yana da ƙiba.

Ta juya ta koma madafi. Ka san ta, tun da aka haife ka ba ta taɓa kama sunanka ba, ko tambayar lafiyarka ba ta yi a gaban mutane, kunyar ɗan fari ba ta bar ta ba. Da azahar na zauna jiran abinci, sai ta ajiye mini tawada da alƙalami da takarda a inda akushi ya saba zama. Ta ce, "Tuwo na nan, in an gama rubutu. Yaron can na bisa ruwa." Saboda haka in ka ga rubutun yana rawa, yunwa ce.

Ina so ka fahimce ni. Ban ce katakon jirgin ya ruɓe ba. Cewa na yi ka duba shi kafin ka bar Argungu. Gulbinmu na Rima mai haƙuri ne, amma in kuka faɗa Kwara, iska tana tayar da ruwa ya riƙa dukan bayan jirgi. In murfin ya ɓalle a can, ruwa zai shiga rumbu, fatun majema su jiƙe su yi fumfuna, kuma ba naka ba ne, amana ce aka ba ka a tafiyarka ta farko. In ruwan ya yi yawa, bayan jirgi zai yi nauyi ya nutse, a lokacin kuwa ba maganar fata ake yi ba.

Na san abin da za ka ce a ranka, ko da ladabi ya hana ka faɗa. Ka faɗa mini a mashigi tun kafin ku tashi. Ka durƙusa, ka danna wurin da babban yatsanka, ka ce, "Baba, iccen ga ya sha ruwa. A bari in yanke shi in sa sabo." Ni kuma, ga majema a tsaye, ga 'yan fito suna saurare, na ce jama'a su zo su ga yaron da jirgi ya girme shi, ya girmi gemunsa da bai fito ba, yana koya wa jirgi tsufa. Aka yi dariya sosai. Na cusa ƙaro da garin katako a ramukan, na buga dogayen ƙusoshi, na shafe wurin da man kaɗe har yana ƙyalli. Ka ce, "To, Baba." Ranar tashi ka durƙusa ka yi mini sallama, ba ka ce sai kun dawo ba, ka ce sai Allah Ya ƙaddara saduwa. Daga baya Dije ta gaya mini ka tafi da gwadonka da allonka, ka ce mata wataƙila ka zauna Yawuri. Za mu zo kan wannan. Bari mu fara da itace, shi ya fi sauƙin magana.

Kakanka ɗan fito ne, amma ni makaranta ya kai ni. Na taso na san yadda ake rarrabe ruwa mai tsarkakewa da wanda ba ya tsarkakewa, ban san yadda ake hana shi shiga jirgi ba. Shekarar da ya rasu ya bar mini jirgin, wani falke ya ba ni gishirin mangul in kai masa ƙetare. Na ga wani baƙin tabo a gefen murfin, ya ɓata mini rai don muninsa, na samo man kaɗe na shafe shi har ya yi kyau. Muna tsakiyar gulbi hadari ya sauko. Da muka isa gaɓa muka buɗe rumbu, gishiri ya zama ruwa, ya bi ta ƙasa ya tafi abinsa. Falken ya leƙa, ya dube ni, ya ce, "Malam, kifayen ga sun gode, sun daɗe suna shan lami." Bai zage ni ba, amma bai ƙara ba ni ko tsinke in ƙetarar masa ba, kuma ya gaya wa abokansa.

Abin da na koya a nan shi ne, yadda malamai suke gwada ruwa da launi da ɗanɗano da wari, haka ake gwada itace, sai dai ba na ce ka lasa ba. Ka kankare man da na shafa, ka dubi launin. In ya yi baƙi ko ya yi fari fat kamar toka, akwai magana. Ka sunsuna. Lafiyayyen maɗaci yana da ɗan ƙamshi mai ɗaci, ruɓaɓɓe kuwa warin tsohuwar rijiya yake yi. Sa'an nan ka soka tsinin wuƙa. In ta tsaya tana gardama, itace ne. In ta shige kamar an soka kabewa, ka ɗauko gizago. Kuma in ka fara sara kada tausayi ya kama ka. Ka ci gaba har sai ɓawon da ke fita ya riƙa nannaɗewa, launinsa ɗaya, sa'an nan ka ƙara faɗin yatsu biyu a cikin lafiyayyen. Ruɓa tana tafiya a ɓoye, ta wuce inda ido yake ganin ta tsaya.

Bayan asarar gishiri na yi fushi, na ce zan sa sabon katako da hannuna. Akwai wani rimi da aka sare a hanyar Runjin Sambo, ɗanye shar, ga laushi, gizago yana shiga kamar ana yankan sabulu. Na ji daɗin aikin ƙwarai, na ɗauka baiwa ce Allah Ya ba ni. Na gama, murfi ya zauna daram, na kira mutane suka gani. Rani na shiga ya bushe, ya lanƙwashe kamar bakan maharbi. Tsakanin murfi da bakin rumbu hannu yana shiga har gwiwa. Kwaɗi suka mai da wurin zaure. Wata mata da na ɗauko da tulunan nono ta buɗe za ta ajiye ƙullinta, suka yi mata maraba gaba ɗaya, saura kaɗan ta kifar da mu.

Don haka kada ka karɓi ɗanyen itace ko da kyauta ne, kuma kada sauƙin sara ya ruɗe ka. Ka nemi busasshen maɗaci ko ƙirya. Sarkawa, masuntan Argungu, ba sa rasa gutsattsarin tsofaffin jirage a bayan gida, wanda ya sha ruwa ya sha rana ya gama duk motsin da zai yi. Ka ƙwanƙwasa shi da ƙotar wuƙa, in ya amsa da ƙara kamar turmi, ka saya. Wajen haɗa sabo da tsoho kada ka yanka a tsaye ka gwama su baki da baki. Ka yanka su a karkace, doguwar karkata, kamar yadda na koya maka fiƙe alƙalami, ɗaya ya kwanta a kan ɗaya. Ka narka ƙaro ka shafa tsakaninsu, ka ɗaure da igiya tamau, ka bar shi ya sha iska kafin ka taɓa.

Saura maganar hinji. Kakanka da kiri yake ɗaure murfin, igiyar fatar sa, in ta tsufa ya yanke ya sa wata. Da Nasara suka buɗe kanti na ga ƙarfen nan mai fikafikai biyu, yana buɗewa yana rufewa ba ƙara, sai na ji kunyar igiya. Na saya, na zo mashigi ina buɗe murfi ina rufewa ba tare da ina neman komai a ciki ba. Ƙarfen ba shi da laifi, har yau ina ganin hikima ce babba. Laifin yana wajen kafawa. Na buga gajerun ƙusoshi a tsaye, kullum aka wangale murfi ya faɗa baya, nauyinsa yana fizgar su. Suka yi sako-sako, ruwa ya bi ramin, tsatsa ta ci ƙusa, ƙusa ta ci itace. Duk lokacin da suka fita sai in nemo waɗanda suka fi su tsawo in mayar a ramin jiya. Haka na yi ta yi shekara da shekaru, ramin yana faɗi, ƙusa tana tsawo, har muka kai ga aikin da ka gani da idonka.

Kai ga yadda za ka yi. Kada ƙusa ta koma tsohon rami. Duk ramin da ya rage a murfin, ka fiƙe tsinken ƙirya, ka tsoma a ƙaro, ka buga ya toshe shi. Ka matsar da hinjin kan sabon itace. Ka sa basilla a wuta ta yi ja, ka huda wurin ƙusa da ita, don itace mai tauri yana tsagewa in aka buga masa ƙusa ba sallama. Ka yanki 'yar fata ka shimfiɗa ƙarƙashin ƙarfen. Ta ciki kuma ka tokara wani guntun katako, ƙusa ta ratsa duka biyu ta fito, ka lanƙwasa tsininta da guduma ya koma cikin itace. Wadda aka lanƙwasa ba ta zarewa sai dai ta karye. Daga nan ka ɗaura kiri daga murfi zuwa bakin rumbu, daidai yadda in an buɗe zai tsaya a tsaye, ba zai faɗa baya ba. In ma ƙarfe ya ci amana wata rana, igiyar kakanka tana nan riƙe. Man kaɗe kuwa a ƙarshe ake shafa shi, a kan lafiyayyen itace, don ya kore ruwa. Ba a shafa shi don a rufe wa ido baki.

Yanzu za ka tambaya, mutumin da ya san duk wannan, me ya sa ya cusa ƙaro a ruɓaɓɓen rami ya tura ɗansa Kwara? Tambaya ce mai kyau, kuma malamai sun yi saɓani a kanta. Wasu sun ce ruwa ne ya fara janyewa, shi kuma yana tsoron jirgi ya kafe a yashi. Wasu sun ce majema ne suka tsaya masa a ka. Akwai kuma wani ƙauli mai rauni, wanda mahaifiyarka take riwaitowa, cewa da kai kaɗai ka same shi a zaure ka faɗa masa, da ya ce a yanke, amma ka faɗa a gaban mutane kafin shi ya gani. Ban tsaya tantance ingancinsa ba.

Abin da na sani shi ne kada gaggawa ta yi maka abin da ta yi mini. In abokan tafiya sun matsa, ka ce ni na hana, ga takardata. In ruwa ya ɗan ragu kun tura jirgi a wani wuri, turawa ba ta kashe kowa. Ka fito da fatun ka shanya su a inuwa kafin a gama aikin, ka duba ko damshi ya riga ya taɓa na sama. In ya taɓa, ka gaya wa masu kaya da bakinka in ka dawo, kada ka bari su ji a wurin wani.

Na ce in ka dawo. Bari in gaya maka wani abu da ban taɓa gaya maka ba, ko da yake ka sha jin gefensa a wurin mata. Kana ƙarami ƙwarai shekarar da Nasara suka shigo gari. Mutane da yawa suka ɗaure kaya suka nufi gabas, cikinsu har da ƙanena, baffanka Umaru. Mun yi gardama da shi a kan tafiyar. Ni na ce a zauna, shi ya ce ba zai iya ba. Ya zo har mashigi ya same ni don mu yi sallama, da matarsa da wani ramammen jaki. Mashigi cike da mutane, kowa ya yi jugum. Ni kuwa na dubi jakin, na ce, "Umaru, in wanga ya kai ka Wurno, ka aiko a yi mishi sarauta." Wasu suka yi dariya, har da masu hawaye. Shi ma ya yi murmushi. Ya ce, "To, Yaya." Ya ja jakinsa ya tafi.

Ina da maganganu da yawa da na tanadar masa a ranar. Ina so in ce ya yafe mini, in ce in hanya ta yi wuya ya juyo, ɗakinsa yana nan. Na bar su sai ya juyo, don na tabbata zai juyo. Har yau duk alhajin da ya sauka garin nan sai na je na tambaye shi, ba wanda ya gan shi. Abin da ya rage tsakanina da ɗan'uwana uwa ɗaya uba ɗaya shi ne maganar jaki.

Allah Ya ba ni harshe mai saurin gano abin dariya, kuma na lura kai ma ka ɗan gada, na ji yadda kake yi wa Dije. Ba na ce ka jefar da shi ba, yana rage nisan tafiya, yana sa abokan jirgi su so ka. Amma kada ka yi wa mutum ba'a a gaban jama'a lokacin da ya zo maka da gaskiyarsa, kuma kada ka bar ba'a ta zama maganar ƙarshe tsakaninka da mai tafiya. Da ka ce "To, Baba" a mashigi, muryar Umaru na ji. Na ji ta sarai, amma mutane suna dariya, ni kuma ina riƙe da guduma, sai na ci gaba da bugu.

Ba zan hana ka zama Yawuri ba in can arzikinka yake. Namiji yana fita nema, kakanka ma ya kai har Nufe. Amma in za ka zauna, ka zauna don ka ga alheri a can, kada ka zauna don dariyar 'yan fito. Ka fara dawowa ka sauke amanar majema, ka ci tuwon mahaifiyarka, sa'an nan mu yi shawara a zaure, mu biyu, ba mai saurare. Mahaifiyar taka ba za ta faɗa ba, amma tun da kuka tashi kullum sai ta tambayi Dije ko ruwa ya ƙaru ko ya ragu, ita da ba ta taɓa damuwa da gulbi ba. Akurkin ma ta ce kada in taɓa shi, wai akwai wanda zai gyara. Yanzu da faifai da dutse ake rufe kaji.

Ka riƙe salla a kan lokacinta ko a cikin jirgi ne. Kada ka shiga ruwan da ba ka sani ba sai ka tambayi mutanen wurin. Ka gaishe da abokan tafiyarka duka. Dije tana gaishe ka, ta ce ka sayo mata tsakiya, duwatsun wuyan nan. Mahaifiyarka ba ta ce a gaishe ka ba, ta dai ba Jaɓɓi ƙullin dakuwa, ta ce ya ba duk wanda ya ga dama a Argungu. Allah Ya kai ku lafiya, Ya kwantar muku da iska, Ya kare ku daga dorina da kada da mugun mutum, Ya dawo mana da kai muna masu rai. Amin. Haza wasalam.

An kawo tuwo, amma an tsaya da shi a bakin ƙofa, an ce ba a ji na karanta wurin da ake jira ba. To, ga shi. Magaji, katakon ruɓaɓɓe ne, tun a mashigi na ji guduma tana nutsewa. Kai ne da gaskiya, ni na yi kuskure. Ka yanke shi, ka dawo gida.